Me Ya Sa Tsohuwar Waya Ke Yin Nauyi Bayan An Sabunta Ta?

 Sharhin yau a kan wayar hannu ne, da kukan da masu ita ke yi cewa ta yi nauyi bayan an sabunta manhajarta.

Wannan kuka sananne ne a Maikujera da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Rabah. Haka yake a Wurno, haka yake a Goronyo. Ana jin sa a rumfar masu caji, da teburin mai gyara, da majalisar dare. Waya tana aiki lafiya lau, sai saƙo ya fito a fuskarta cewa a sabunta. Mai ita ya danna. Bayan kwana biyu ta fara jan ƙafa. A taɓa WhatsApp, sai an jira. A nemi lamba, sai ta maƙale. Cajin safe kuma ba ya kai la'asar. Daga nan sai zargi ya biyo baya, a ce kamfani ne ya kassara ta da gangan don a sayi sabuwa.

Zargin yana da tushe, kuma za a zo kansa. Amma ga maganar da ya kamata mai sauraro ya riƙe tun daga farko. Kayan da ake ɗora wa waya kullum ƙaruwa suke yi, ita kuwa wayar ba ta ƙara ƙarfi. Tsufa ma take yi.

Da farko, mece ce sabuntawar?

Iri uku ce. Akwai sabunta babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da wayar gaba ɗaya. A yawancin wayoyin yankin nan Android ce ta kamfanin Google. A iPhone kuma iOS ce ta kamfanin Apple. Kowannensu kan fitar da sabon zubi a kowace shekara. Akwai kuma ƙaramar sabuntawa ta tsaro, wadda ke toshe kafofin da ɓarayin intanet ke bi. Wannan ba ta da nauyi sosai. Ta uku ita ce sabunta ƙananan manhajoji, irin su WhatsApp da Facebook da TikTok da manhajar banki. Wannan ta fi sauran yawan zuwa, kuma sau da yawa tana shiga da kanta, mai waya bai ma sani ba.

Bambancin nan yana da muhimmanci. Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'ar gabashin Sakkwato su ne Tecno da Infinix da itel. Duka ukun na kamfani ɗaya ne, Transsion, da ke birnin Shenzhen na ƙasar Sin. Masu arha daga cikinsu ba kasafai suke samun sabon zubin Android ba. Wasu da zubin da aka sayo su suke ƙare rayuwarsu. Saboda haka, idan irin wannan waya ta yi nauyi, galibi ƙananan manhajojin ne suka yi mata yawa.

To, masu sauraro, ga dalili na farko: kaya sun ƙaru.

Kowace waya tana da ƙwaƙwalwa mai sarrafa aiki. Tana kuma da ram, wato wurin da take riƙe aikin da ke gudana a daidai wannan lokaci. Tun daga masana'anta aka yanke girman waɗannan biyu. Ba sa ƙaruwa. Wayar da aka sayo da ram mai gig 1 ko 2, a haka za ta zauna har ta mutu.

Su kuwa manhajoji girma suke yi. WhatsApp na farko saƙon rubutu kawai yake aikawa. Daga baya aka ƙara saƙon murya, aka ƙara kiran murya a 2015, aka ƙara kiran bidiyo a 2016. Sannan ga sitatus, ga zaurukan da ke ɗaukar ɗaruruwan mutane. Kowane ƙari yana cin wuri, yana cin ƙarfi. Masu rubuta manhaja kuma da sababbin wayoyi suke auna aikinsu. Idan ram ya cika, dole waya ta rufe wani aiki kafin ta buɗe wani. Wannan rufewa da buɗewa shi ne jinkirin da ake gani.

Abin ya yi kama da jakin da ke kai albasa kasuwar Acida. Yana ƙarami mai ƙarfi, mangala ɗaya yake ɗauka. Shekaru sun ja, ƙarfi ya ragu, amma duk kaka sai an ƙara masa buhu. Ranar da ya durƙusa a hanya, sai a ɗora laifin a kan buhun ƙarshe. Alhali nauyin ya daɗe yana taruwa.

Kamfanin Google ya san da wannan matsala. Shi ya sa a ƙarshen 2017 ya fitar da Android Go, zubi marar nauyi don wayoyi masu ƙaramin ram. A lokacin, wayar da ke da gig 1 ko ƙasa da haka aka yi wa shi. Amma zuwa 2022, shi kansa wannan zubi marar nauyi sai da gig 2 yake tafiya. Wannan kaɗai ya isa shaida. Kaya na ƙaruwa, waya ba ta ƙara ƙarfi.

Sai dalili na biyu, wato batir.

Batirin wayar zamani na sinadarin litiyom ne, kuma yana da iyakar kwana. Duk caji da sauka yana rage masa wani abu. Kamfanin Apple ya bayyana cewa batirin tsofaffin wayoyinsa an tsara shi ne ya riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Ga mai caji kullum, wannan bai kai shekara biyu ba.

Tsohon batir yana da aibi biyu. Na farko kowa ya san shi, ba ya riƙe caji. Na biyun ne jama'a ba su cika lura da shi ba. Tsohon batir ba ya iya ba da wuta mai yawa a lokaci guda. Idan ƙwaƙwalwar waya ta nemi ƙarfi farat ɗaya, misali wajen buɗe kyamara, sai wutar ta faɗi. Wayar ta ɗauke, alhali tana nuna sauran caji. Sabuwar manhaja mai nauyi tana yawaita irin wannan buƙata, sai aibin da ke ɓoye ya fito fili.

A nan ne yanayin ƙasar Sakkwato ya shigo cikin magana. Babban maƙiyin batir zafi ne. Apple na gargaɗin kada a bar waya a zafin da ya wuce digiri 35. A bazara kuwa, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafin wannan yanki kan haura digiri 40. Manomin rani a fadamar Wurno, ko a gonakin da ke shan ruwan madatsar Goronyo, wayarsa na aljihu, rana na dukansa tun hantsi. Ɗan kabu-kabu haka, direban mota haka. Sannan ga rumfar caji, inda ake jera wayoyi da yawa a kan katako ɗaya, ƙarƙashin kwano, janareto ko sola na ba su wuta. Caji da kansa yana ɗumama batir. Idan ya haɗu da zafin gari, sai tsufan ya yi sauri.

Akwai kuma wani abu. Wayoyin zamani an gina su ne su rage gudu da kansu idan suka ji zafi ya yi yawa, don kada kayan ciki su lalace. Don haka waya ɗaya za ta iya yin sauri da asuba, ta yi nauyi da azahar. Wannan ba ruwansa da sabuntawa.

Dalili na uku, jama'a, shi ne cikar ma'aji.

Ma'ajin waya shi ne inda hotuna da bidiyo da manhajoji ke zaune. Tsofaffin wayoyi masu arha da yawa sun zo da gig 16 ko 32, kuma babbar manhaja ta riga ta cinye wani kaso mai tsoka tun kafin a buɗe kwali. Sauran kuma ba ya daɗewa. Ga wa'azi, ga karatu, ga fina-finan Hausa da aka tura ta Xender. Ga bidiyon biki da na suna. Ga zauren 'yan uwa, da na 'yan kasuwa, da na siyasa, kowanne na zubo saƙon murya dare da rana.

Irin ma'ajin da ke cikin waya yana buƙatar fili kafin ya rubuta sabon abu cikin sauri. Idan ya kusa cika, sai ya riƙa kwashe wani abu daga nan zuwa can, ya share, sannan ya rubuta. Kowane aiki sai ya zama biyu. Ita kuma sabuntawa wuri take nema, ta sauka, ta warware kanta, ta zauna. Wayar da dama tana gab da cika, sabuntawar ce ke ƙarasa ta. Katin memori na jabu yana ƙara dagula lamarin, domin a hankali yake karatu da rubutu.

Dalilai uku ke nan: kaya sun ƙaru, batir ya tsufa, ma'aji ya cika. Sau da yawa a tare suke zuwa.

Kafin a wuce, akwai wani nauyi na ɗan lokaci da ya kamata a ware shi daban. Bayan babbar sabuntawa, waya kan yi kwana ɗaya ko biyu tana gyara kayanta a ɓoye. Tana sake jera hotuna, tana daidaita manhajoji da sabon zubi. A wannan tsakani takan yi ɗumi, ta sha caji, ta yi jinkiri. Wannan yakan wuce da kansa. Wanda ya yi gaggawar kai ta a yi mata filashin, wato a share komai a sake ɗora mata manhaja, a ranar farko, ya biya kuɗi a kan ciwon da zai warke ba magani.

Yanzu sai babbar tambaya. Shin kamfanoni suna rage wa waya gudu da gangan?

An taɓa yi, kuma a rubuce yake. A watan Janairu na 2017, Apple ya fitar da wata sabuntawa ga iPhone 6 da 6s da SE. A cikinta akwai tsarin da ke rage gudun ƙwaƙwalwar waya idan batirinta ya tsufa. Ba a bayyana wa masu wayar haka ba. A watan Disamba na wannan shekara, John Poole, mai manhajar auna gudun na'ura da ake kira Geekbench, ya fitar da binciken da ya nuna raguwar. Sai kamfanin ya amsa cewa haka ne. Ya ce ya yi ne don hana wayoyin ɗaukewa ba zato. Ya nemi afuwa, ya rage kuɗin canjin batir daga dala 79 zuwa dala 29 na tsawon shekara guda. A 2018 kuma ya ƙara wurin duba lafiyar batir a cikin wayar.

Hukumomi ba su bar maganar a nan ba. Italiya ta ci Apple tara a 2018. A watan Fabrairu na 2020, Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25. A Amurka ma, a wannan shekarar, ya amince ya biya diyyar da za ta iya kai dala miliyan 500. Abin lura shi ne laifin da Faransa ta kama shi da shi: rashin sanar da masu waya. Mutane da dama sun sayi sabuwar waya, alhali da an gaya musu gaskiya, batir kawai za su canza.

Sai dai adalci ya sa a faɗi ɗaya ɓangaren. Ba kowace sabuntawa ke kawo nauyi ba. A 2018 Apple ya fitar da iOS 12, wadda ta ƙara wa tsofaffin wayoyi sauri, har da iPhone 5s ta 2013. Wannan ya nuna cewa idan kamfani ya ga dama, zai iya tausaya wa tsohuwar waya. Abin da ya fi yawa a kasuwa shi ne sakaci. Kamfani ya sayar, ya juya ga sabon samfuri, ya manta da na baya.

Wasu ƙasashe sun fara ɗaure kamfanoni da doka. Daga 20 ga Yuni, 2025, Tarayyar Turai ta wajabta a ci gaba da sabunta manhajar waya na aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da ita, a kuma tanadi kayan gyaranta. Google da Samsung ma sun yi alƙawarin shekara 7 ga manyan wayoyinsu. Amma dokar Turai ba ta hau kan kasuwar Najeriya ba, kuma waɗancan manyan wayoyi sun fi ƙarfin aljihun talaka. A nan akwai aiki a gaban hukumar sadarwa ta NCC, mai tantance wayoyin da ake shigowa da su, da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Mai saye ya cancanci a gaya masa shekara nawa wayarsa za ta yi tana samun kulawa.

To, tunda haka ne, a daina sabuntawa ke nan? A'a. Wannan gudun ruwa ne a faɗa wuta.

Dalili na farko tsaro ne. Waya yanzu jakar kuɗi ce. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, tiransifa ta shiga ƙauyuka. Mai albasa da mai tafarnuwa da mai shinkafa suna karɓar kuɗi ta OPay da Moniepoint da PalmPay da manhajojin bankuna. Wayar da ba a toshe kafofinta ba, ƙofa ce a buɗe. A watan Mayu na 2019, an gano wata kafa a WhatsApp da ake iya dasa manhajar leƙen asiri ta hanyar kira kawai, ko da ba a ɗaga ba. Maganin da kamfanin ya bayar shi ne a sabunta.

Dalili na biyu, manhajoji kan juya wa tsohon zubi baya. Daga watan Oktoba na 2023, WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5. A 2025 kuma ya bar iPhone 5s da iPhone 6. Wanda ya ƙi sabuntawa, wata rana manhajar ce za ta ƙi shi. Komawa tsohon zubi bayan an sabunta kuma abu ne mai wuya. Apple kan rufe hanyar cikin ɗan lokaci, wayoyin Android da yawa ma ba sa yarda.

Saboda haka, masu sauraro, ga abin yi, daki-daki.

A fara da rage kaya, domin shi ne ba ya cin ko kwabo. A goge manhajar da ba a amfani da ita. A shiga saitin WhatsApp a hana hotuna da bidiyo sauka da kansu. A kwashe abin da ake so a ajiye zuwa katin memori mai kyau, a share sauran. A bar wa ma'aji fili, ko da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ne. Inda akwai manhaja marar nauyi, irin Facebook Lite, a ɗauke ta a bar babbar. Wannan ma tsimin data ne, ga shi kuɗinta ya tashi tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025.

A guji manhajojin da ke alƙawarin wanke waya da ƙara mata gudu. Da yawansu talla suke zubawa, su kansu kaya ne. A guji WhatsApp na bayan fage, irin GB WhatsApp. Kamfanin WhatsApp bai amince da su ba, kuma yakan rufe lambar mai amfani da su.

Sai batir. Kada a bar waya a rana, ko a gaban mota, ko ƙarƙashin matashi tana caji. Kada a riƙa kallon bidiyo tana jone. A nemi caja mai kyau. Masu rumfar caji su ma su taimaka, su sa wayoyin jama'a a inuwa, inda iska ke ratsawa. Idan bayan waya ya fara tasowa, batir ya kumbura ke nan, a daina caji nan take, domin yana iya kama wuta. Wayar da ta haura shekara biyu tana ɗaukewa, a fara gwada sabon batir na ainihi kafin a yi maganar sayen wata.

Game da sabuntawar kanta, ta tsaro a karɓe ta da zarar ta zo. Babbar kuwa, idan wayar ta tsufa, babu laifi a dakata kwanaki, a ji yadda ta kasance ga masu irin wayar. Ranar da za a yi, caji ya wuce rabi, sabis ya zama mai ƙarfi, kuma kada a kashe wayar a tsakiya. Sabuntawar da ta katse tana iya hana waya tashi. Wanda sabis ɗin garinsu ke rawa, gara ya bari sai ya shiga inda ya fi ƙarfi.

Filashin shi ne mataki na ƙarshe, domin yana share komai. Kafin a yi, a adana lambobi da hotuna. A tabbatar an san adireshin Gmail na wayar da kalmar sirrinsa, in ba haka ba tana iya kullewa. A cire layi da katin memori. Lambar sirrin banki kuma ba a ba kowa, ko da mai gyaran ɗan uwa ne.

Daga ƙarshe, maganar saye. Ko a birnin Sakkwato ne, ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, mai saye ya tambayi abu uku: girman ram, girman ma'aji, da zubin manhajar da ke ciki. Waɗannan sun fi yawan idon kyamara amfani. Idan ta hannu ce, irin wadda ake kira 'yar Landan, a tambayi shekarar da aka ƙera ta, a duba lafiyar batirinta. Waya na iya sheƙi a waje, alhali kamfaninta ya daɗe da sallamar ta.

Jama'ar Maikujera da Rabah, jama'ar Wurno da Goronyo, da duk mai sauraro a inda yake, maganar ɗaya ce. Kayan waya na ƙaruwa, ita kuwa ba ta ƙara ƙarfi. Idan ta yi nauyi, a rage mata kaya, a kare ta daga zafi, a duba batirinta, sannan a yanke mata hukunci. Kada kuma tsoron nauyi ya sa a ƙi sabuntawar tsaro, domin dukiyarku da sirrinku suna cikinta. Allah Ya sa albarka a abin da kuka mallaka, Ya tsare mana garuruwanmu.